Gidan Marayu a Tumfure: Yadda Na Zaɓi 'Yan Hayar Farko

Ranar da mai fenti ya wanke burushinsa ya miƙo mini makullai, ban kai ga tayar da babur ba wayata ta fara ƙara. Ban rubuta komai a jikin get ba, ban gaya wa dillali ba, amma labari ya riga ya zaga. Leburorin da suka yi mana aiki, mai tankar da ke kawo ruwan gini, mai shayin bakin layi, kowa da wanda ya tsegunta wa. Kafin magariba mutum biyar sun kira, biyu sun zo da ƙafarsu.

Gidan ba nawa ba ne. Na Hammana ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2022 ginin yana linta. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, babban yana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Da aka zauna maganar gado, dangi suka ga in aka sayar da kangon aka raba kuɗin, shekara biyu ba za a ga ko ƙurarsu ba. Sai aka tsayar a ƙarasa ginin da haƙƙoƙinsa na wurin aiki, a zuba 'yan haya, abin da ya fito a riƙa biyan makarantar yara da cefanensu. Ni aka ɗora wa riƙo. Ni kuwa malamin makaranta ne, abin da na sani game da haya shi ne biya. Shekara tara na yi a gidan wani a Bolari, nan cikin garin Gombe, ban taɓa zama a ɗaya gefen tabarmar ba.

Ƙarasa ginin ya ba mu wuya. Bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, siminti da rodi da kwano duk suka yi tashin gwauron zabi, lissafin da muka yi ya wargaje, sai a farkon 2024 muka kammala. Falat biyu ne, kowanne ɗaki biyu da falo da kicin, sai ciki da falo guda a bakin get. Tsakar gida ɗaya, get ɗaya, tankin ƙasa ɗaya, domin bututun ruwan Dadin Kowa bai iso layinmu ba, tanka muke saye. Na faɗi waɗannan ne saboda daga baya na gane cewa ba mutum uku nake nema ba, gida uku nake nema da za su iya shan ruwa daga rami ɗaya ba tare da an ji kansu ba.

Duk wanda ya san Gombe ya san dalilin da ya sa waya ta yi ta ƙara. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 yake cika, ga ma'aikata, ga asibitin koyarwa, ga jami'ar jiha a Tudun Wada, ga 'yan kasuwar hatsi. Sannan rikicin Borno da Yobe da arewacin Adamawa ya koro dubban iyalai nan, da yawansu kuma sun yi zamansu. Wuraren da muna yara gonaki ne, irin su Tumfure, yanzu unguwanni ne. Saboda haka samun mai so ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka ce wa mutum fiye da goma a'a, ka ce wa uku to, kuma ka san dalilin kowanne.

Saura ƙiris in yi kuskuren farko a rana ta uku. Wani Alhaji ya zo da mota mai baƙin gilashi, shaddarsa tana ɗaukar ido, ya zaga falat ɗin dama ko banɗaki bai leƙa ba. Na ce dubu ɗari huɗu da hamsin ne a shekara. Bai nemi ragi ba. Ya ce, "Malam, turo lambar asusu, na shekara biyu zan sa maka yanzu, gobe yara su kawo kaya." Dubu ɗari tara a tashi ɗaya, ga bashin mai tayil da na kafinta a wuyana, ga kuɗin zango na biyu ya ƙarato. Wallahi hannuna har ya kai aljihu. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne na yi wa Baffa alkawarin ba zan karɓi sisin kowa ba sai na shawarce shi. Na ce wa Alhajin ya ba ni kwana biyu. Fuskarsa ta ɗan canza, ya ce shi ba ya son jan rai.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, tsohon ma'aikaci, yana da shaguna da ɗakunan haya a Jekadafari tun ban san kaina ba. Na same shi bayan isha'i a kan dakali, na kwashe labari na gaya masa cikin murna. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "A ina yake zaune yanzu?" Na ce ban tambaya ba. "Me ya sa zai tashi?" Ban tambaya ba. "Mutum nawa ne iyalinsa?" Na yi shiru. Ya ce, "Ɗana, in wani ya zo neman 'yarka da sadaki mai tsoka, a ranar kake ɗaura aure? Haya ma aure ce. Shiga da sauƙi, fita sai an sha wuya. Kuɗin shekarar farko kowa yana da shi, ko rance ne zai ciwo. Kai mutumin shekara ta biyu za ka nema."

Wannan maganar ita na riƙe har na gama.

Washegari na kira Alhajin na tambaye shi inda yake zaune. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ambaci unguwa bai ambaci layi ba. Gombe dai ba ta da girman da mutum mai irin wannan mota zai ɓace. Cikin kwana biyu na sami gidan, na sami mai gidan, wani dattijo ɗan fansho. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya ja numfashi ya shiga ciki ya fito da jakar leda cike da takardun kotu. Shekara biyu aka biya shi a dunƙule ranar shiga, kamar yadda aka yi mini tayi. Daga nan ko kwabo. Yau an yi tafiya, gobe ana jiran wata kwangila ta fito, har wata goma sha tara. Ya ce, "Yaro, da ka zo mini watan jiya da na yabe shi har ka ji kunya, don ya tashi ya bar mini gidana. Yanzu kotu ta riga ta ba shi wa'adi, ba ni da dalilin yi maka ƙarya."

Na daɗe ina juya wannan zancen. Mai gidan da ɗan haya ya isa, shi ne zai fi kowa wanke shi. Tun daga ranar na daina tsayawa a bakin mai gida kaɗai. In na je bincike nakan nemi wanda ba shi da riba ko asara a tashin mutumin: maƙwabcin da suke katanga ɗaya, mai shagon bakin layi, mai kurar ruwa, ladanin masallacin unguwa, in da hali kuma mai gidan da ya zauna wa kafin wannan.

Dillali ma na sa, ba zan ce ban sa ba. Wani mutumin kirki ne da ke da ɗan ofis a kan titin Bauchi, kuma ya kawo mini mutane masu kyau. Amma na fahimci inda aikinsa ya tsaya. La'adarsa kashi goma cikin ɗari ce, ranar da aka biya yake karɓa, daga ranar kuma ya gama. In sokawe ya cika ko haya ta maƙale, ba shi za a kira ba. Don haka na ce masa ya kawo, ni zan tace, kuma kada ya karɓi kafin alƙalami daga hannun kowa da sunana.

Na sayi littafi mai bango ja irin na rajistar aji, kowane mai nema na ba shi shafi guda. Abin da nake rubutawa bai da yawa. Sunansa da garinsu, sana'arsa da wurin da yake yin ta, su wa za su kwana a gidan kuma su nawa, inda yake zaune da daɗewarsa a can, da wanda zai tsaya masa. Sai ƙananan abubuwan da su ne ke haddasa rigima: yana da mota ko babur, yana da janareta, yana kiwo, matarsa tana sana'a a gida. Da fari kunya ta riƙa kama ni, musamman in mutumin ya girme ni. A al'adarmu tambayar magidanci yawan iyalinsa da abin da yake samu kamar tsiraici ne. Na sami hanyar da ta sauƙaƙa mini: kafin in buɗe littafin nakan ce, "Ka yi haƙuri da tambayoyin da zan yi, gidan nan na marayu ne, ni ɗan aike ne kawai." Ban taɓa faɗin haka mutumin kirki ya ɓata rai ba. Wasu har addu'a suke wa mamacin. Waɗanda suka harzuƙa kuwa, harzuƙar tasu ta rage mini aiki.

A cikin tambayoyin duka, wadda ta fi fito da mutum ita ce, "Me ya sa za ka tashi?" Amsoshi masu kyau gajeru ne: an yi mini canjin wurin aiki, iyali sun ƙaru, mai gidan zai aurar da ɗansa yana son wurin, zaizayar ƙasa ta kusa cin katangarmu, wanda a Gombe ba baƙon abu ba ne ga mazauna bakin kwari. Amma akwai wanda ya zauna ya yi kusan rabin awa yana zagin mai gidansa, da na gabansa, da na gaban wancan. Gida uku cikin shekara huɗu, kuma a kowanne shi aka zalunta. Na rufe shafinsa ina ganin sunana a jerin.

Wanda ya fi ci mini rai ba baƙo ba ne, na gida ne. Goggo, yayar mahaifinmu, ta aiko a kira ni. Jikan mijinta ya yi aure, suna cunkushe a ɗaki ɗaya a Pantami, tana son a ba shi falat guda, a rage masa, ya riƙa biya a hankali tunda duk abu na gida ne. Na san yaron. Ba mugu ba ne, amma ba shi da tsayayyen abin yi, yau yana sayar da waya gobe yana bin 'yan siyasa. Na ce mata zan yi shawara, na fito ƙafafuna sun yi nauyi. Goggo ce ta yi mana wanka muna jarirai. Da wane baki zan ce mata a'a?

Na je wurin matar Hamma na gaya mata, tunda haƙƙinta ne da na 'ya'yanta. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Baffan yara, tambaya ɗaya zan yi maka. In shekara ta zagayo bai biya ba, za ka iya kai jikan Goggo gaban alƙali?" Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "To ni ma ba zan iya ba. Kuma makaranta ba ta san Goggo ba."

Na sayi goro da turare na koma. Na durƙusa na ce, "Goggo, da gidana ne da na ba shi kyauta ya zauna. Amma kin fi ni sanin abin da Allah ya ce a kan dukiyar maraya. In na ba shi ya kasa, ko in ci amanar yaran nan ko in ɓata zumunci, kuma ba na son ko ɗaya." Na yi alkawarin taimaka masa da wani abu daga aljihuna ya kama ɗaki daidai ƙarfinsa, na kuma cika. Duk da haka wata biyu tana amsa gaisuwata da ƙyar. Abin ya dame ni ƙwarai, har yanzu in na tuna sai in ji ba daɗi, amma da za a sake da haka zan sake yi.

Falat ɗin hagu bai ba ni wahala ba. Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti, mutumin Kaltungo, da matarsa malamar firamare da yara biyu. Ya zo da takardar albashinsa ba tare da na nema ba, shugaban sashensu ya tsaya masa, maƙwabtansa na da suka ce shekara shida ba a taɓa jin muryarsa ba sai in yana kiran yara su shigo. Na gaya masa gaskiya cewa sauran 'yan gidan Musulmi ne, ya yi murmushi ya ce a Herwagana ya girma, shi ke raba wa maƙwabta naman Kirsimeti su kuma su kawo masa na layya. Kwana huɗu muka gama.

Falat ɗin dama ne ya zama jarrabawata. Wata mata ce ta zo, za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, da ɗanta saurayi ya rako ta. Mutuniyar Biu ce, mijinta ya rasu, tana da yara uku da tsohuwar mahaifiyarta, tana sayar da atamfa da turaren wuta a babbar kasuwa. Ba albashi, ba miji, ba 'yar gari ba. Kafin in ce komai maƙwabcinmu na layi ya tare ni ya ce, "Malam, ka dai yi tunani. Mace ba namiji a gida, kuma daga can ɓangaren." Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na riga na ja layi a ƙarƙashin shafinta a zuciyata. Abin da ya hana ni rufe shi, na tuna cewa matar Hamma ma mace ce ba namiji a gida, kuma da ita ce ta fita neman haya haka za a faɗa a kanta. Na ce bari in yi mata abin da na yi wa kowa, in je in gani.

Na je gidan da take zaune bayan la'asar, ban sanar da ita ba. Gidan haya ne na mutum shida, irin mai dogon zaure. Tun daga ƙofa na gane ɗakinta ba tare da an nuna mini ba, domin daga bakin ƙofarta har kwata a share yake an yayyafa ruwa, ga tukwane a kife a kan bulo, ga igiyar shanya an ɗaure ta a ƙusa ɗaya ba a huda bango ko'ina ba. Ta yi mamakin ganina amma ba ta rikice ba, ta shimfiɗa mini tabarma, tsohuwar tana daga ciki tana jan carbi. Na dubi bangon falon. Shekara bakwai da yara uku, amma ba zanen gawayi, ba tabon manja, inda filasta ta ɓare an shafe da siminti an bi da farar ƙasa. Na ce wa ya gyara, ta ce ita, ai ita ke kallonsa kullum.

Da na fito na tsaya wurin mai shagon bakin layi na sayi ruwan leda, muka taɓa hira, sannan na kawo zancenta. Bai ce mini komai ba, ya jawo littafin bashinsa daga ƙarƙashin kanta ya buɗe. Shafukan mutane cike da lissafin da ba a soke ba, nata kuwa kowane layi an ja masa biro. Ya ce, "Tana karɓa, ba na ce ba ta karɓa ba. Amma ran Juma'a ba ta wuce ta da bashina." Mai kurar ruwa ya faɗi irin haka. Mai gidan kuma ya ce shi ne ya ba su notis duka saboda ya sayar da gidan, ya ƙara da cewa a shekarar da kuɗi suka yi wuya a hannu, farkon 2023, ita kaɗai ce ta zo tun wa'adi bai cika ba ta ce masa za ta makara da sati uku, kuma ranar da ta faɗa ta kawo.

Ranar da na kira ta in ce na amince, sai ita ta juyo da tambayoyi kaina. "Malam, ka ce gidan na marayu ne. Wa ya ba ka izinin sa haya? In na biya ka, gobe wani cikin magada ba zai zo ya ce bai sani ba?" Ta ce an taɓa yi wa wata ƙawarta haka, ta biya ɗan mai gida, 'yan'uwansa suka zo suka fitar da ita. Ta tambayi ko ruwa yana kwanciya a layin da damina, ta tambayi ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, ta tambayi sau nawa tanka ke zuwa a wata. Na ji daɗin tambayoyin har raina. Na kai ta wurin matar Hamma suka gaisa, na nuna mata takardar da dangi suka sa wa hannu suka wakilta ni. Sai bayan nan ta ce to.

Ciki da falon na ba wani matashi tela da ke shirin aure bayan ƙaramar Salla. Baffa bai so ba, ya ce tuzuru a bakin get fitina ne. Na je shagonsa, na ga ubangidansa da ya koya masa ɗinki shekara takwas, shi ya tsaya masa, uban yarinyar ma ya tabbatar mini an sa rana. Muka yi sharaɗi cewa kafin amarya ta tare ba majalisar abokai a ƙofar gida.

Daga nan sai rubutu. Wani abokina ya haɗa ni da lauya, na biya shi ya tsara mana yarjejeniya, kuma abin da ya gaya mini a zama ɗaya ya fi kuɗin da na ba shi. Ya ce in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata guda. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a sake ba shi na kwana bakwai cewa za a nemi gidan ta hannun kotu, sannan a shigar da ƙara. Ya ja mini kunne sosai: kada ka cire kwano, kada ka sa kwaɗo a ƙofarsa, kada ka yanke masa wuta ko ruwa, kada ka turo matasa su yi masa watsi da kaya. Ranar da ka yi haka, kai mai gaskiya ka koma mai laifi, har diyya za a iya sa ka biya. A nan na ƙara gane abin da Baffa yake nufi da fita sai an sha wuya.

A takardar muka sa kuɗin haya da ranar da yake cika, da cewa ba a ba wani haya a cikin haya, ba a fasa bango ko canza gini sai da izini. Yoyon kwano da tsagewar gini da sokawe nawa ne, ƙwan fitila da kan famfo da gilashin da yaro ya fasa nasu ne. Kuɗin tanka a raba bisa yawan mutanen kowane gida, ba daidai wa daida ba. Kuɗin 'yan sintiri da na kwasar shara kowa ya biya nasa. Kowa ya kawo hoton fasfo biyu da kwafin katin ɗan ƙasa, haka wanda ya tsaya masa. Na zaga kowane ɗaki da waya tare da mai shiga, muka ɗauki hoton tayil da silin da ƙofofi da makunnai, na tura masa ta WhatsApp a gabansa don kowa ya riƙe.

Telan ya ɗan yi jim da ya ga takarda shafi uku. Ya ce, "Malam, ai mun zama ɗaya, duk wannan na mene ne?" Na ce masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka saukar da ita, ba ga maƙiya ba. Da yake takardar da Turanci take, na karanta wa kowa ita da Hausa layi-layi a gaban shaidu kafin ya sa hannu. Sannan na ɗebe su duka uku na kai su gaban Jauro, mai unguwarmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙin da na kawo maka unguwa." Ya tambayi kowa garinsu da sana'arsa, ya sa aka rubuta, ya yi musu nasiha a kan zaman lafiya. Maƙwabcin nan da ya gargaɗe ni yana wurin, kuma a gabansa Jauro ya ce wa matar, "Hajiya, kin zo gida." Kuɗin kuwa ban bari ko naira ta biyo ta hannuna ba. Asusu muka buɗe na yaran, can kowa ke turawa, ni rasit kawai nake rubutawa.

Duk da wannan taka-tsantsan sai da na bar ɓaraka. Falat biyun kowanne da mitarsa mai kati, amma ciki da falon na ja masa wuta daga mitar Hajiya don in rage kashe kuɗi, na ce su riƙa haɗawa. Na tambayi telan ko yana da janareta, ban tambaye shi abin da amarya za ta zo da shi ba. Ta zo da firiza babba, ta fara ƙanƙara da zoɓo, ga shi lokacin zafi. Katin da ke yi wa Hajiya wata ya koma ƙarewa a kwana goma sha biyu. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ta kira ni ta nuna mini saƙonnin sayen kati na wata uku a jere. Laifin nawa ne, na faɗa musu haka a gaban juna. Na nemi mita ta uku, kafin ta fito muka sa ƙaramar mita ta gwaji a layin telan yana biyan abin da ya sha. Kuɗin da na guje wa kashewa da fari sai da na kashe fiye da shi, ban kuma ɗora wa asusun yara ba.

Shekara ta zagayo a watan Maris na 2025. Mutumin Kaltungo ya turo nasa saura kwana biyu. Hajiya ta turo rabi tun a Fabrairu, ta cika ragowar ranar da wa'adi ya cika, ta kuma roƙi a bar ta ta dasa zogale da lalle a bayan kicin, na ce ta dasa. Telan ne ya zo mini gida da dare saura wata guda, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce matarsa ta kusa haihuwa, kuɗin da ya tara sun tafi asibiti da kayan jariri, amma ɗinkin Salla na tafe. Ya nemi in raba masa uku. Na ce sai na tambayi masu gida. Matar Hamma ta ce wanda ya zo da ƙafarsa tun kafin a neme shi a ba shi. Muka rubuta ranaku uku a bayan yarjejeniyarsa, ya sa hannu, ubangidansa ya sa.

Kashi na ƙarshe ya shigo ranar wata Asabar da safe, ina gidan Hamma ana karyawa. Na ciro littafin rasit daga jaka na miƙa wa babban yaron, wanda yanzu ya shiga babbar sakandare, na ce ya rubuta. Ya tambaye ni me zai sa a wurin sunan mai gida. Na ce ya sa nasa da na ƙannensa. Ya rubuta su huɗu a jere da ƙaramin rubutu don layin ya ishe shi, ya yage takardar a hankali, ya ce zai bi ni Tumfure ya kai da kansa.